Dila na Huɗu

Har yau idan na ji wani yana yabon Valentin Yegorovich, wai shi ne ya ɗaga kulob ɗin rediyon garinmu, sai abincin da ke gabana ya fita daga raina. Mutumin nan bai taɓa liƙa waya biyu da dalma ba. Ran da ya fara shigowa wurinmu ya ɗauki ƙarfen dalma ta wajen wuta, ya yi jifa da shi, ya yi kwanaki yana yawo da yatsa a naɗe kamar wanda ya dawo daga fagen fama. Amma hotonsa ne a bango yanzu, ni kuma ake cewa ina da riƙo. To, ina da riƙo ɗin, kuma ga dalilina.

Kulob ɗin yana ɗakin ƙasa na gidan matasa, wuri mai warin ƙaro da dalma da jiƙaƙƙun takalma. Baba Rodion ne ya kafa shi, tsohon mai rediyon soja da ya dawo daga yaƙi da yatsu uku a hannun hagu. A farkon shekarun saba'in ɗin nan ba a zuwa kanti sayen kayan haɗa rediyo, don babu su. Jujin bayan masana'anta shi ne kantinmu. Can muke tono waya da ƙwan rediyo, 'yan kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan lantarki, daga cikin matattun talabijin, mu kawo wa Baba Rodion, ya ɗaga su sama ya duba ya ce wannan zai yi, wannan kuma a mayar da shi inda aka same shi. Daga baya aka turo mana Valentin Yegorovich daga sama a matsayin shugaba, da jakarsa ta fata da turarensa, Baba Rodion ya koma mai koyarwa kawai.

Babban wasanmu shi ne farautar dila. Ana ɓoye ƙananan akwatunan watsa magana guda uku a kurmi, kowanne da mai tsaronsa. Su ne dilolin. Kowane dila yakan yi magana ɗan lokaci ya yi shiru, mafarauci kuma yana gudu da ɗan rediyonsa mai eriya a hannu da abin kunne a ka, yana neman inda maganar ke fitowa. In ya sami dila, sai ya miƙa katinsa mai tsaro ya buga masa hatimi, ya wuce na gaba.

A wannan wasa babu kamar Taisiya, wadda muke kira Taya. Ƙawata ce tun muna aji ɗaya, siririya, mai dogayen ƙafafu da dariyar da ake ji daga ƙarshen titi. Maza ma sun daina cika baki a gabanta. Sirrinta shi ne ta riƙe karatun Baba Rodion fiye da kowa. Kullum yana ce mana, "Kada ku saurari abin da dila ke faɗa, ba hira kuka zo ba. Ku juya eriya har inda muryarsa ta mutu, nan ne layinku. In kun matso, ku rage ƙara, ku sake ragewa." Mu sauran kunnenmu kan kama kalma ɗaya ko biyu ko ba mu so. Taya kam ta horar da kunnenta har ya daina jin magana. Ƙarfi da rauni kawai take ji. Da za ka zage ta ta cikin akwatin, sai ta iso ta miƙa maka kati tana murmushi.

A tsakiyar lokacin sanyin shekarar da abin ya faru aka kwantar da mahaifiyarmu a asibitin masu tarin fuka da ke ƙetaren kogi. Ba a shiga. Akwai wata 'yar taga a jikin ƙofa inda ake miƙa abinci da wanki, bayanta kuma akwai Goggo Nyura, tsohuwar ma'aikaciya mai gashin baki kaɗan, wadda ke karɓa ta gaya maka ko an ci ko ba a ci ba. Ɗakin su Mama yana can baya, tagoginsa suna kallon katanga. Babanmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka daga ni sai ƙanena Gleb, wanda ke shekararsa ta farko a makarantar koyon sana'a.

Gleb ba mai magana ba ne. Amma ran da muka dawo daga tagar nan karo na farko, bai ko cire takalmi ba ya hau ɗakin tantabarun da Babanmu ya bari a bayan gida, ya fara zare waya. Cikin 'yan makonni ya haɗa ɗan akwatin watsawa da ƙwai biyu, irin wanda yaran gari ke yi a ɓoye suna sa waƙa suna zagin juna. Haramun ne, kowa ya sani. Ko da ya sami lasisi ma ba zai amfane shi ba, don mitar masu lasisi ba ta shiga ƙaramin rediyon da Mama ta tafi da shi asibiti, kuma ba a yarda a sa waƙa a can ba. Ya daidaita nasa a can ƙarshen allurar neman tasha, inda babu wata tasha, ya sa a cikin burodin da muka miƙa wa Goggo Nyura 'yar takarda cewa Mama ta murɗa har ƙarshe ranar Lahadi bayan cin abincin rana.

Ina wurin a Lahadin farko da yawancin waɗanda suka biyo baya.

"Yaya Rimma, riƙe min allurar garmahon nan, kada ki sake ta sai na ɗaga hannu."

"Kai ne za ka koya min garmaho? Kana ina lokacin da nake wanke maka wando?"

"Yi shiru mana, kina cikin iska." Sai ya matso da bakinsa, ya yi gyaran murya kamar wani babban mai labarai. "Mama, ni ne. Lafiyarmu ƙalau. Miyar kabejin da Yaya ta yi yau, na zuba wa kyanwar maƙwabta, ta dube ni ta tafi abinta."

Na kai masa duka a ƙeya, shi ma dukan ya shiga iska. Daga nan ya ba ta labarin wanda ya yi faɗa da wa a layinmu, da tantabarar da ta yi ƙyanƙyasa, sannan ya ɗaga hannu na saki allura a kan tsohon faifan da Babanmu ya saba sa mata. Abin ba ya daɗewa. Kafin shayi ya huce ya kashe.

Da muka koma taga, Goggo Nyura ta leƙo ta dube mu sama da ƙasa. "Ke ce mai miyar?" in ji ta. "Ɗiyata, ki riƙa soya albasa tukuna. Duk ɗakin sun ce in gaya miki." Ta rage murya. "Ranar Lahadi sai ka ga mata ana taje kai ana gyara matashi, kamar za a yi baƙi. Uwarku kuwa ta ci abincinta tas."

Ban gaya wa Taya ba. Gleb ya sa na yi masa alkawari, kuma babanta yana ofis a masana'anta, mutum ne mai tambayar inda aka je da wanda aka gani. Ba rashin yarda ba ne. Ba mu so mu ɗora mata kayan da za ta riƙa ɓoyewa a gidansu.

Ashe wani ya kai ƙara. Sau biyu motar masu binciken iska ta zo daga babban birni, babbar mota mai eriya a ka wadda ko makaho ya san ta shigo gari. Tun tana kan gada labari ya riga ta isowa, duk yaran da ke da akwati suka yi tsit, ta zaga ta zaga ta koma. A nan ne Valentin Yegorovich ya hango wa kansa takardar yabo. Daga baya muka ji abin da ya faɗa musu, wai yana da yarinyar da ta fi motarsu, kuma ba wanda zai yi zargin yarinya mai gudu da kati a wuya.

Ku dubi yadda ya bi da abin. Ya sanar cewa za a yi gwajin fitar da wanda zai wakilci garinmu a gasar lardi, ranar Lahadi da rana, a filin shaƙatawa na bakin gari. Ya kira Baba Rodion ya ce masa an fito da sabuwar doka daga sama, ana so a gwada gwanaye a kan wata mita ta ƙasa, don haka a ƙara wa rediyon Taya maɓalli. Tsohon ya zauna da yatsunsa uku ya naɗa wayar da kansa, yana ta murna wai yarinyarsa za ta ci gaba. Sannan Valentin Yegorovich ya kira Taya ita kaɗai ya ce mata akwai dila na huɗu da aka ɓoye cikin gari saboda ita, zai fara kuka bayan cin abincin rana, kuma kada ta faɗa wa kowa don sauran za su yi hassada. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai aka gaya wa haka. Wa zai ƙi?

Ni aka sa tsaron dila na uku, cikin wasu duhuwoyi kusa da tafki. Na gaya wa Gleb ya yi na yau shi kaɗai, ya gaishe min da Mama. Ƙanƙara ta narke, ƙasa duk taɓo, ina tsugune ina maimaita wa akwati, "Ni ne dila na uku, ni ne dila na uku," har bakina ya gaji. Kamar yadda kowa ya zata, Taya ce ta fara ɓullowa, taɓo har gwiwa.

"Buga min, tsohuwa, kina ɓata min lokaci."

"Ki huta mana, ai kin gama. Mazan suna can suna zagaya bayan gida na jama'a, sun ɗauka dila yana ciki."

"Ban gama ba." Ta kashe min ido, ta nuna min wani sabon maɓalli a gefen rediyonta. "Saura ɗaya, nawa ne ni kaɗai. Kada ki faɗa."

Ta danna shi. Ƙarar tana sama, don haka kafin ta rage na ji abin da ya tsiyayo daga abin kunnenta. Faifan Babanmu ne, daidai wurin da yake da tsaga yana ƙas-ƙas. Ashe yau da waƙar Gleb ya fara. Ita kuwa ta riga ta ɗaga eriya, ta juya hagu, ta juya dama, fuskarta ta zama irin ta mai zare ƙaya, ta sami layinta ta zabura.

Na kira sunanta har maƙogwarona ya yi zafi. Kunnenta a rufe yake. Na bar akwatin kulob a cikin taɓo na bi ta, amma wa ya taɓa kama Taya? A bakin filin na ga wata ƙaramar mota mai ruwan toka ta tashi a hankali ta bi bayanta, Valentin Yegorovich yana gaba kusa da direba, hular ɗan sanda tana leƙowa daga baya. Na yanke ta lungun gidan burodi, na tsallake shingen makaranta, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi. Duk da haka, da na shigo bayan gidanmu, ƙafafunta na gani suna ƙarasa hawa tsanin ɗakin tantabaru.

Na hau bayanta. Ta ture abin kunne zuwa wuya, tana haki, ta ga Gleb zaune gaban akwatinsa da baki a buɗe. Sai ta fashe da dariyar nan tata.

"Gleb, kai ne dilan? Lallai an iya ɓuya, har da tantabaru. Kai da ko gaisuwa sai ka sunkuyar da kai, ashe kana nan kana jira na. To buga min hatimi, malam, kafin in faɗi."

Ta miƙa masa katin. Hannunta yana miƙe a haka lokacin da tsani ya fara ƙara a ƙarƙashin manyan takalma. Gleb ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya gane. Abin da ya yi shi ne abin da nake tunawa in ina so in tuna ƙanena a kan daidai. Bai taɓa maɓalli ba, bai yi ƙoƙarin ɓoye komai ba. Ya matso da bakinsa ya ce da muryarsa ta kullum, "Mama, na yi baƙi. Sai Lahadi." Ɗan sandan ya sa hannu ya fizge waya.

Valentin Yegorovich ne ya hawo ƙarshe, yana kakkaɓe kashin tantabara daga kafaɗar kwat ɗinsa. Ya dafa Taya. "Madalla, 'yata. Kin fitar da mu kunya."

"Yallaɓai, ina hatimin?" in ji ta. Har lokacin ba ta gane ba. Ta dubi ɗan sandan yana naɗe wayar Gleb a hannu, ta dubi ƙafata ɗaya babu takalmi, sannan katin ya faɗi daga hannunta.

Sun kwashe komai. Akwatin, da garmahon Babanmu, da faifan, har da babban rediyonmu na ɗaki wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, wai doka ta ce duk abin da ke da waya. Kafin mako ya zagayo an kori Gleb daga makarantar sana'a, aka tura shi ɗaukar kaya a masana'anta. Jaridar gari ta buga hoton Taya da eriyarta, Valentin Yegorovich yana tsaye a bayanta yana murmushi kamar shi ya haife ta.

Na je ofishinsa. Ban je faɗa ba, na haɗiye duk abin da ke raina na je roƙo.

"Valentin Yegorovich, don Allah a ba shi Lahadi ɗaya. Ku tsaya a kansa, kai da ɗan sandan. Ya gaya mata kawai cewa ba zai sake ba, don kada ta yi ta jira."

"Rimma, zauna. Ke yarinya ce mai hankali." Ya buɗe jakarsa ya rufe. "Iska ta hukuma ce. In kowa ya tashi ya shiga da miyar kabejinsa, ina za mu? Kin san irin wannan abin yana iya rikita jirgin sama?"

Ashe har miyar ya sani. Wato sun zauna sun saurara, sun ji yaro yana cewa Mama, sun ji komai, suka ci gaba da shirinsu.

"Wane jirgin?" na ce. "Tun da aka haife ni abin da ke tashi a garin nan tantabaru ne da hayaƙin masana'anta."

"Ki iya bakinki."

"Ka saurare shi, ka san da wa yake magana. Ita Taya ba ta ji ba, haka aka koya mata, kuma ka san haka aka koya mata, shi ya sa ka zaɓe ta. Kai fa? Wa ya toshe maka naka kunnen?"

Ya miƙe ya buɗe min ƙofa, ya ce in ajiye katin kulob a kan tebur in zan fita. Ya kuma tuna min cewa na bar kayan hukuma a cikin taɓo.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kamun ba ne. Da motar masu binciken iska ce ta kama Gleb, da mun ce ƙaddara, mun san abin da muke yi lokacin da muka hau tsanin nan. Amma mutum ya ɗauki wasan da tsoho ya koya wa yara don su so junansu su so aikin hannu, ya ɗauki kunnen yarinya da ƙafafunta, ya mai da su karen farautarsa ba tare da ya gaya mata abin da take farauta ba. Baba Rodion ya zo gidanmu ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya kasa shigowa. "Ni na naɗa wayar," shi ne kawai abin da ya iya faɗa. Bai sake taka ɗakin ƙasan nan ba.

Taya ta yi kwanaki ba ta fito ba. Ran da ta zo, ta same ni ina feraye dankali, ta tsaya a kaina.

"Ki zage ni mana."

"In zage ki in ce me?"

"Ki ce komai. Kowa a gidanmu sai taya ni murna yake. Babana ya yanke hoton ya manna a bango." Ta ajiye wani ƙunshi a kan tebur. Rediyon farautarta ne, ta farfasa shi da kanta, ta ware duk abin da zai yi amfani. "Ba zan je lardi ba. Ku haɗa wani. A ɗakin ajiyar kakata za mu sa shi, ba wanda zai nemi dila a gidan wadda ta kama dila."

Gleb ya jawo ƙunshin ya fara tsince-tsince. Muka koma juji mu uku, bayan ya tashi daga aiki. Baba Rodion ya aiko da ƙwai ɗaya a cikin safa. Na biyun ne ya gagara, don ba a jima ba aka sa mai gadi a jujin, kuma an ƙirga duk abin da ke kulob. A taga kuwa mun gaya wa Goggo Nyura ta ce wa Mama akwatin ya lalace ana gyara. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kowane mako sai ta ce mana, "Ta kunna fa. Na ce mata ana gyara, ta ce ai yaron ya ce sai Lahadi." Daga baya ta daina gaya mana ko an ci abinci.

Mun sami ƙwan na biyu a wurin wani mai gyaran silima, ranar Laraba. Gleb ya gwada, ya yi. Ranar Juma'a da safe aka aiko daga asibiti.

Bayan an yi jana'iza muka koma tagar karɓar kayanta. Taya ta ce za ta raka mu, ta tsaya can baya kusa da shinge. Goggo Nyura ta miƙo ƙullin tufafi, da kofinta, da ɗan rediyon. An manne allurarsa da filasta a can ƙarshe don kada wani ya gusar da ita. Gleb ya karɓa ya sa cikin rigarsa.

Tsohuwar ba ta rufe tagar ba. Ta leƙo tana duban bayanmu. "Waccan doguwar fa? Ke, 'yan mata, matso. Yi magana in ji."

Taya ta matso. "Ina wuni, Goggo."

"Ita ce," in ji Goggo Nyura, fuskarta ta saki. "Ke ce mai dariyar nan. Ai duk ɗakin sun ji ki ran nan, kina cewa ashe yana nan yana jiran ki. Ranar ba a yi barcin rana ba. Mata suka sa uwar yaran nan gaba da tsiya, wai ɗanki ya yi budurwa ya manta da ke, shi ya sa ya kashe da wuri. Ita kuwa sai dariya take tana tari. Ta ce yaron nan ba ya iya kallon mace a ido, duk wadda ta hau tsani ta same shi 'yar albarka ce." Ta sunkuya ta ɗauko wani abu daga ƙarƙashin teburinta. "Da aka yi ta Lahadi ba a ji shi ba, sai ta ce ku bar shi, yana da abin yi yanzu. Amma ba ta fasa kunnawa ba. Ga wannan, an dafa shi an wanke, kada ki ji tsoro. Ta ce in na gan ki in ba ki hannu da hannu."

Mayafin Mama ne na ulu, fari, wanda kakarmu ta saƙa mata na aure. Ni kaina sau ɗaya ta taɓa bari na yafa shi.

Taya ta ja da baya. "Goggo, ba ki sani ba. Ni ce na…"

"Karɓi," in ji Gleb.

"Gleb, ba zan iya ba."

"Ke ta ba. Ba ni da ikon hana ki, ke ma ba ki da ikon ƙi. Karɓi, tsohuwa ta gaji da miƙo hannu."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yafa ba, ba ta kuma ninke ba, haka ta ɗauko shi a kan hannayenta muka haye gada. Hanyarmu ta gida ta gaban gidan matasa take bi. An sa sabon allo mai gilashi a bakin ƙofa, ga hoton nan na jarida an ƙara masa girma, ga takardar yabo daga lardi a gefensa, shi kuma Valentin Yegorovich yana tsaye yana nuna wa mai fenti inda ya karkace. Da ya hango mu sai ya ɗaga hannu da fara'a.

"Taisiya, ina kika shiga ne? Lardi suna ta tambaya." Idonsa ya sauka kan mayafin. "Kai, wannan aiki ya yi kyau. Kyauta aka yi miki?"

"E," in ji Taya. "Wadda ka sa na kashe wa rediyo ce ta ba ni."

Ya juya ya ce wa mai fentin ya ɗaga gefen hagu kaɗan.